Takun da Na Ara wa Tela

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce muku ya riga ni gane cewa Tela ya kama hanya, ku turo min shi. 'Yarsa ba ta gani ba, likitan 'yar bai gani ba, matan layinmu da ko kaza ba ta gifta su a ɓoye, su ma ba su gani ba. Ni ɗin ma ba ido ne ya fara gaya min ba, kunne ne.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da shagonsa, shekara da shekaru. Na san kukan kekensa na ɗinki kamar yadda na san tarina. In yadi mai kauri yake ci, gurnani yake yi. In mara nauyi ne, sai ya riƙa zuba kamar ruwan famfo. Ran nan da hantsi ina zaune bakin ƙofa ina gyaran takalmina, sai na ji keken yana gudu amma kukan wayam, kamar ana kaɗa gwangwanin da ba komai a ciki. Babu 'yar tsayawar nan ta juya yadi, babu ƙarar almakashi. Na ce a raina, yau kuma me tsohon nan yake ɗinkawa, iska?

Na ɗaga labule na shiga. Ga Tela a kan kujerarsa, ya dafe teburin keken da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Allura babu zare, ƙarƙashinta babu yadi. Ƙafarsa kawai ke taka feda, sama da ƙasa, sama da ƙasa. A idon sawunsa na dama kuwa ga baƙin agogon nan da 'yarsa ta aiko masa, ya ɗaure shi da ƙyalle, don madaurin ya kasa zagaye kumburin ƙafar.

"Allura," na ce, don haka nake kiransa saboda sirantarsa, "ƙafarka ce yanzu ke son sanin lokaci?"

"Ƙarfe, saki labulen nan, ka rufe min baki." Ƙarfe shi ne sunan da aka laƙaba min. Ya tsaya yana haki. "Tafiya nake yi."

"Ina ka kai?"

"Na kusa gada."

Bari in gaya muku labarin agogon. Tela 'ya ɗaya ta rage masa, Auta, tana aikin ofis a wani babban gari mai nisa, tafiyar wuni guda cur a mota. Da uwarta ta rasu ta nemi ta ɗauke shi ya koma wurinta. Ya je, bai daɗe ba ya dawo da jakarsa. Ya ce ɗakin da ta ba shi akwati ne aka rataye a saman bene, tagar ba ta buɗuwa, ka wuni ba wanda zai leƙo ya zage ka ma balle ya gaishe ka. A can ne likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya, ya sha magani, ya kuma riƙa tattaki kullum. Shi ne Auta ta sayi agogon. A fuskarsa akwai wani zobe da ke cika a hankali in kana tafiya, in ya cika sai agogon ya girgiza a hannunka, ita kuma ta gani a wayarta daga can. Taku nawa ne kafin ya cika, kada ku tambaye ni. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba.

A gabana ta yanka masa sharaɗi, ran da ta rako shi. "Baba, muddin zoben nan yana cika, na bar ka a shagonka. Ran da ya daina cika, da mota zan zo, kuma ba zan saurari komai ba."

Da farko tare muke fita da safe, mu bi ta gaban mai shayi, mu tsallake kwalbati, mu miƙe har gada mu dawo. Ina gaba yana baya, ina tsokanarsa. Sai ya fara cewa in yi gaba, aiki ya yi masa yawa. To ga aikin na gani.

Na tsuguna na danna yatsa a ƙafarsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Wannan ƙafar likita take so, ba feda ba."

"Likita zai gaya wa Auta."

"To ta sani mana. Ba 'yarka ba ce?"

Ya share gumi da wani guntun yadi. "Ƙarfe, duk rayuwata awo nake yi. In yadi ya kusa ƙarewa ba sai an gaya min ba. Abin da ya rage a nan nake so in ƙarasa shi." Ya nuna ƙofar ɗakin da ke bayan shagon da haɓa. "A gadon can uwar Auta ta cika. Ba zan je in mutu a cikin akwati ba, ina kallon rufin gidajen mutanen da ban sani ba."

Na miƙe na fita, na saki masa labulensa.

Ku san wanda ke ba ku labarin nan. Dako na yi a babbar kasuwa tun gemuna bai fito ba har ya yi fari. Buhun da mutum biyu ke ɗagawa su ɗora min, ni kaɗai nake sauke shi. Babbar mota ta taɓa kifewa da mu, ni na fito da direban a kafaɗa. Bangon sito ya faɗo min, bangon ne ya farfashe. Shekarar amai da gudawa mu huɗu ne a ɗaki, ni kaɗai na wayi gari ina neman abin karyawa. Sa'o'ina duk na raka su makwanci, ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Don haka in na kalli mutum na ce ya kama hanya, na san abin da nake faɗa.

Feda ta riƙe shi 'yan makonni. Kullum da hantsi sai in ji keken wayam ta bango, yana gudu yana tsayawa, tsayawar tana ƙara tsawo. Wata safiya ban ji komai ba. Na jira har rana ta hau bangon gidan da ke kallonmu, shiru. Na shiga. Keken a rufe da mayafinsa, Tela a ɗakin baya, zaune a gado ya jingina da buhun guntayen yadi, don in ya kwanta sosai numfashi ƙin zuwa yake yi. Agogon na hannunsa. Ya miƙo min.

"Ara min ƙafarka."

"Haya ko kyauta?"

"Kai dai jaki ne, ko an biya ka ko ba a biya ka ba tafiya za ka yi." Ya ɗaura min agogon a hannu. "Ka ji ni da kyau. In ya girgiza, ka juyo. Kada ka yi min ƙari. Ni tsoho ne mai ciwon zuciya, ka yi tafiya irin tawa."

Na ce na ji. Amma ƙafar da ta saba da buhu, ka sake ta ba kaya, ka ce ta yi tafiyar tela? Kafin in kai gada abin ya girgiza. Na dube shi na ce, kai ka gaji, ni ban fara ba. Na haye gadar, na bi ta bakin layin dogo, na shiga kasuwa ta ƙofar baya. 'Yan dako na yanzu, masu baro, suka yi ta ihu, "Baba Ƙarfe! Baba Ƙarfe bai mutu ba!" Na ce musu ubanninsu ma sun riga ni tafiya, ni ga ni nan.

Da na dawo sai Tela ya ce, "To, yau ina na je?"

Dole ya sani, don kullum da yamma Auta na kira ta tambaye shi. Na zauna a bakin gado na ba shi labari.

"Ka je har bayan kasuwa. An rushe tsohon sito, ana gina shagunan waya. Wani baƙin kare ya biyo ka wajen layin dogo."

"Na gudu?"

"Ina! Tsayawa ka yi ka harare shi, ya sa wutsiya a ƙasa ya juya."

"Ashe ni jarumi ne ban sani ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofi.

Haka muka yi ta yi. Ni in taka, shi ya ba da labari. Na kai shi wuraren da bai taɓa zuwa ba da ƙafarsa: makerar bayan gari, filin ƙwallo, tashar manyan motoci. In Auta ta kira sai ya gyara murya, ya tara numfashi, ya zuba mata kamar shi ya je, ita kuma tana ta murna. Uwar 'yan biyu, maƙwabciyarmu da ke kawo masa abinci, ta ga agogon a hannuna ta ce, "Baba Ƙarfe, agogo a hannun wanda bai san ƙarfe nawa ba?" Na ce mata rana ce agogona, wannan ado ne. Ta dubi kwanon jiya da ya dawo kusan yadda ta kawo shi, ta ce tsofaffi dai sai tsirfa, ta tafi. Yanzu ita ce ke cewa wai ta lura tun tuni.

Abin da Tela ke jira shi ne ƙarshen wata. Auta ta yi alkawarin zuwa ta kai shi a duba shi. Ya ce min in ta zo ta gan shi da idonta, ya riƙe hannunta, zai roƙe ta ta bar shi, kuma ya san ba za ta iya ƙi ba in tana kallon fuskarsa. A waya ne take da taurin kai, irin na uwarta. Har ya sa na share ɗakin, na wanke labule, na sauko da katifar da ke saman kabad na shanya.

Ana saura 'yan kwanaki ta kira, rana ta yi sanyi, ina zaune ina matsa masa ƙafa. Ya buɗe muryar wayar don hannunsa ba ya iya riƙe ta a kunne.

"Baba, albishirinka! Na nuna wa likita wayata. Ya ce bugun zuciyarka ya daidaita, wai kamar na wanda bai kai shekarunka ba da nisa. Har tambayata ya yi ko ka canza magani."

Tela ya dube ni, na dube shi.

"Bugun zuciya kuma, Auta? Ba taku agogon yake ƙirgawa ba?"

"Har da zuciya mana, Baba. Ba ka ga 'yar koriyar wutar da ke bayansa ba? Ita ke saurare. Likita ya ce ba gaggawa, a ci gaba da tattakin. To ka ga aiki ya taso mana a ofis, tun da jikin ya yi kyau haka, bari in ɗaga zuwan sai na samu hutu, in zo in daɗe. Ko ya ka gani?"

"Madalla, Auta. Allah ya yi miki albarka. Ki kula da aikinki."

Wayar ta mutu. Ba zan ɓoye muku ba, maganar likitan ta yi min daɗi, har gobe tana min daɗi. Mutumin da ya yi karatu shekara da shekaru ya saurari zuciyata daga wani gari ya sara mata. Na buɗe baki zan ce, Allura, ka ji ko? Sai na ga ya juya fuska bango, yana kallon katifar da na jingine a can.

"Cewa na yi ta bar ni a ɗakina," ya ce a hankali. "Ban ce kada ta zo ba."

"Kira ta ka gaya mata."

"In ce mata me? In ce ubanki maƙaryaci ne, zo da mota?" Ya ja numfashi. "Na ce maka kada ka yi min ƙari, Ƙarfe."

"Ko da na juyo a gada, zuciyar dai tawa ce. Ba ni da wata."

Washegari ya miƙo agogon kamar kullum, na karɓa na fita. Da na dawo bai tambaye ni inda ya je ba. Kwanakin da suka biyo baya kumburin ya hau har gwiwa, leɓensa ya yi duhu, shayi ma sai da cokali. Masu kawo ɗinki na mayar da su daga ƙofa, ina cewa ya je tattaki.

Wata safiya na shigo na miƙa hannu in ɗauki agogon daga kan caja, sai ya ce, "Bar shi. Kawo nan." Ya miƙo hannunsa, wanda ya rame har madaurin sai da na kai shi ramin ƙarshe. "Mayar min da kayana. Ta ji zuciyarka, ya isa. Bari ta ji tawa."

"Za ta zo da mota."

"Ta zo da jirgi ma. Ba inda za a iya kai ni yanzu." Ya lumshe ido. "Kai kuma yau ka zauna."

Na ɗauki kaya iri-iri a duniya, ban taɓa ɗaukar mai nauyin zaman ranar nan ba. Na zauna a kujerar keken, ƙafafuna na ƙaiƙayi, ina jin layi yana wucewa ta bayan labule. Zoben ya wuni wayam. La'asar ta wuce wayar ta yi ƙara, ya yi min alama in ɗauka.

"Kawu? Kai ne? Ina Baba? Agogon nan ya lalace ne? Abin da yake nuna min ba daidai ba ne."

"Bai lalace ba, 'yata. Yau ne yake hannun mai shi. Ki taho."

Ta fara tambayoyi a jere, muryarta na tsinkewa. Na ce mata tambaya ta jira, mota ba ta jira. Ba ta samu ta yamma ba, sai ta asuba.

Gari ya waye yana nan. Na buɗe masa taga, na jiƙa masa leɓe. Kowane motsi a layi sai ya buɗe ido ya dubi ƙofa. Na ce masa tana hanya, ta taso tun da duhu. Wajen hantsi, lokacin da keken ya saba fara kuka, ya motsa yatsa ya kira ni. Na kai kunne.

"Yau ina za ni?"

"Gada za ka, Allura. Tashi mu je." Na riƙe hannunsa mai agogon. "Ga ka ka fito, ka ja ƙofar shago. Mai shayi yana gaishe ka, yana cewa wandon da ka ɗinka masa ya matse, ka ce masa cikinsa ne ya ƙaru. Ka tsallake kwalbati. Yau kai ne a gaba, ni ina baya ina haki."

Bakinsa ya ɗan motsa. "Ƙarya."

"Wallahi kai ne a gaba. Ga bishiyar nan ta kwana, ka wuce ta. Ga masu wankin mota. Ga gada, ka dafa ƙarfenta, ruwa ya ƙaru."

"Ya girgiza?"

"Ya girgiza."

"To bari in huta."

Ya huta. Na jima riƙe da hannun kafin in rufe masa ido. Ban kai ga tashi in kira kowa ba wayar ta yi ƙara. Ina jin kukan injin mota a bayan muryarta, da wani yaro yana kuka a kusa da ita.

"Kawu, ya cire agogon ne? Ya daina nuna komai. Ka duba min, ko ya kwance."

Na duba. 'Yar koriyar wutar tana nan tana haska fatarsa.

"Yana hannunsa, 'yata."

Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Na yi ta jin motar tana tafiya.

Ta iso rana ta karkata. Bayan an yi abin da ake yi, mutane sun ragu, ta same ni a shago. Idonta ya kumbura, amma tsayuwarta ta uwarta ce.

"Kawu, duk tafiyar nan kai ne?"

"Ni ne."

"Makera? Filin ƙwallo? Karen?"

"Karen ma ni ya bi."

"Da ka bar zoben nan ya wuni wayam sau ɗaya tak, da na zo na same shi yana magana."

"Da kin zo da mota," na ce. "Abu biyu ya so, 'yata: ɗakinsa da fuskarki. Ni ɗan dako ne, wanda aka ɗora min shi na kai."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Katifar da na shanya mata a kanta ta kwana har ta koma. Ran da za ta tafi ta ba ni makullin shagon ta ce in riƙa buɗewa yana shan iska. Agogon kuwa ta ce ba ta son ganinsa.

Har yau ina fita da safe, ba wanda ya isa ya ce ƙafata ta rage. In na kai gada dai juyowa nake yi. Ba gajiya ba ce, kada wani ya faɗa muku haka.

Yanzu kowa a layin nan ya zama mai hangen nesa. Uwar 'yan biyu ta ce ita ta fara lura, mai shayi ya ce tun bara ya ga alama, wasu kuma na cewa tsoho ne ke ƙara gishiri, wai wa ya taɓa jin an yi tattaki a kan keken ɗinki. To wanda ke musu ya zo da hantsi, makulli na aljihuna. Ya ɗaga mayafin keken, ya tsuguna. Agogon na nan a kan feda, fuskarsa baƙa, da ƙyallen da Tela ya riƙa ɗaure shi da shi a ƙafa, ƙullin ban kwance ba. Ya zura ƙafarsa a cikin ƙyallen ya ga saura nawa kafin ta cika shi. Sannan ya taka fedar sau ɗaya, ya saurara.